Filin da Midhat Ya Nema

Duk matar da ta yi aure a unguwar Muharram Bek ta birnin Iskandariya cikin shekarun nan, in ba rigar haya ta sa ba, to hannun Awatif ya taɓa jikinta. Ita ce telar amare ta unguwar, a hawa na uku na wani tsohon bene mai kallon layin tiram, ƙaramin jirgin ƙasan nan na cikin gari, kuma ba a zuwa wurinta da gardama. In amarya ta zo da hoton riga a waya ta ce irin wannan take so, Awatif za ta dube ta daga sama har ƙasa, allura a baki, ta ce, "Mai hoton nan ba ta cin shinkafa, ke kuwa kina ci. Juya in ga bayanki." Amarya ta juya, a ƙarshe kuma a fito da rigar da ta fi ta hoton.

Ubanta kwandastan tiram ne, shi ya ba ta murya. Uwarta tela ce, ita ta bar mata keken ɗinki, baƙi, mai feda, irin na da wanda ƙato biyu ke ɗagawa suna nishi. Awatif ta gama sakandare da Turancin da bai wuce gaisuwa da ƙirga ba, ta zauna a kan keken, ba ta sake tashi ba. Ta auri Midhat lokacin yana ɗaukar jakunkunan baƙi a wani otal na bakin teku, siriri, mai kunya, mai takalmi ƙafa ɗaya tak da yake gogewa kowace safiya. Suka zauna a gida mai falo da ɗaki biyu, ɗaya na kwana, ɗaya na ɗinki. A cikin yadi da zare 'yarsu Nuha ta girma har ta yi aure ta bi mijinta Kuwait. Mahaifiyar Midhat, Hajiya Sakina, tana hawa na biyu, kuma tun da ciwon suga ya kama ta Awatif ce mai saukar mata da abinci, ita ce mai yi mata allura.

Midhat ya ci gaba, ba laifi, Allah ya ba shi. Ya koma Gardaƙa, inda otal-otal suka yi layi a bakin Bahar Maliya, ya tashi daga ɗaukar jaka ya zama shugaban masu tarbar baƙi. Sai ƙarshen wata yake zuwa gida. Ya yi tumbi, ya yi agogo, Turanci kuma ya shige masa baki kamar ƙashin kifi, ba ya fita, ba ya wucewa. Ko ruwa zai roƙa sai ya haɗa da wata kalma. Awatif tana yi masa tsiya a gaban ido, ta ce, "Abu Nuha, a gidan nan da Larabci ake jin ƙishi," amma in ta sauka sayen burodi sai ta sami hanyar da za ta gaya wa matan layi cewa mijinta da Turawa yake wuni. Tana alfahari da shi. Wannan sai an faɗa tun yanzu, don a san inda wuƙar ta shiga.

Wata rana da la'asar tana durƙushe tana kama wa wata amarya gindin riga, waya ta yi ƙara. Midhat ne. Ya tambayi Hajiya, ya tambayi Nuha, ya yi gyaran murya ya sake yi, sa'annan ya faɗi wasu kalmomi na Turanci da sauri, kamar wanda ya haddace su a gaban madubi. Ɗaya kawai ta kama.

"Isbes? Mene ne kuma isbes?"

"Baƙi sun iso," in ji shi. "Zan kira ki."

Da amarya ta tafi, Awatif ta sa tabarau, ta faɗa wa wayarta kalmar sau da yawa har wayar ta gane ta. Fili, in ji waya. Wuri. Sarari. Mijinta yana bukatar fili.

Ta zauna a bakin gado, kunya ta rufe ta. Ai gaskiyarsa ne. Sau nawa ya tsinci zare a cikin shayinsa? Sau nawa allura ta soke shi a kujera? Mutum ya yi wata guda yana wa Turawa murmushi, ya dawo gidansa ya tarar da mata cike da falo, ba shi da inda zai zauna da singileti ya miƙe ƙafa. Kuma don kawaici irin nasa bai iya faɗa da Larabci ba, sai da ya ɓuya a bayan Turanci. Haka ta fassara shi. Har da ɗan hawayenta na tausayi.

Washegari ta kira Jabir mai gadi da ƙanensa, suka ciccibi keken uwarta suka kai baranda, ita tana riƙe da ƙafa ɗaya tana yi musu faɗa kada su buga shi da bango. Ta kwashe yadi, ta kwashe madubin gwaji, ta share shekara ashirin da ɗoriya na guntayen zare daga ƙasan ɗakin. Ta yi fenti da hannunta, shuɗi mai haske, don ya taɓa cewa ɗakunan otal ɗinsu shuɗaye ne. Ta sa gadon Nuha, ta sa tebur da fitila, ta ɗinka labule.

Da ya zo ƙarshen wata ta kama hannunsa tun daga ƙofa, ta ja shi, ta buɗe ɗakin.

"Ga isbes ɗinka, Abu Nuha."

Midhat ya tsaya. Ya dubi bangon, ya dubi gadon, ya dubi matarsa da ragowar fenti a gwiwar hannu. Kunnuwansa suka yi ja. A nan ne namiji zai zauna ya ce, zo, baiwar Allah, ba haka nake nufi ba. Shi kuwa sai ya ce, "Sannu da aiki. Allah ya yi albarka." Ya shigar da jakarsa, ya rufe ƙofa, ya kwanta. Ya karɓi ɗakin. Tun daga ranar a nan yake kwana in ya zo, zuwan ma ya fara ja da baya, daga wata ɗaya ya koma biyu.

Ita kuma ta koma ɗinki a baranda. Wanda bai san Iskandariya ba zai ce ai da daɗi, ga iska. Iskar gishiri ce, tana cin ƙarfe. Ga ƙurar tiram, ga tattabarun maƙwabta. Farin satin ba ya son ko ɗaya daga cikinsu, amare suka fara zuwa suna duba wurin suna cewa za su dawo. Da hunturu ya shigo da guguwarsa ta teku, sai ta riƙa lulluɓe keken da leda tana ɗaurewa da igiyar shanya, da safe ta kwance ta ga jan tsatsa a jikin fedar, ta goge, ta ɗiga mai, gobe ya dawo. Ba ta yi ƙorafi ba. In ta wuce ƙofar shuɗin ɗakin nan, wanda yawanci ba kowa a ciki, sai ta ji ta yi abin kirki.

Har ta ƙara da wani. Ta ce ba za ta sake tambayar waya abin da mijinta ya ce ba. Ta shiga ajin koyon Turanci a saman wani gidan burodi kusa da tashar jirgin ƙasa, ba ta gaya masa ba, tana so wata rana ta amsa masa ya yi mamaki. 'Yan ajin duk sa'o'in Nuha ne, masu neman aikin amsa waya a kamfanoni da masu neman fita waje. Malamar, Rasha, ita ma yarinya ce, mai haƙuri. Awatif ce ke zama a gaba, ita ce mai kawo biskit, ita ce mai gyara wa 'yan mata ɗaurin mayafi ko ba su tambaya ba. Kowa Anti Awatif.

A tsakiyar Fabrairu, lokacin da shaguna suka cika da jajayen balan-balan na ranar masoya, Malama Rasha ta shigo tana murmushi ta ce yau darasin maganganun soyayya za a yi, irin waɗanda Turawa ke faɗa suna nufin wani abu dabam. Aji ya ɗauki shewa. Tana rubutawa a allo, tana fassarawa kalma da kalma, sa'annan ta faɗi ma'ana.

Ta farko, ɗaure igiya, wato aure.

"Wannan ai tamu ce, satar ta suka yi," in ji Awatif.

Ta biyu, mutum ya ce akwai malam-buɗe-littafi a cikinsa, wato gabansa na faɗuwa in ya ga wadda yake so.

"A ba shi maganin tsutsa."

Aji ya fashe da dariya. Wata Basant, mai baki, da ke zaune bayanta ta ce, "Anti, ke ba ki taɓa ji ba ne?"

"Na ji, 'yar nan. Sai na ci abinci ya wuce."

Ta uku, a ce aure yana kan duwatsu. Awatif ta ce wannan mai kyau ce, ai a kan duwatsun bakin teku masoya ke zama suna cin gasasshiyar masara, ita ma ta zauna. Malama ta ce a'a, Anti, jirgin ruwa ake nufi, wanda ya bugi dutse yana shirin nitsewa. Awatif ta taɓe baki ta ce mutanen nan ba su san daɗin dutse ba.

Sai Malama ta juya ta rubuta: I need space.

Hannun Awatif ya tashi kafin alli ya sauka. Tun da ta shigo ajin ba ta taɓa riga kowa sanin wani abu ba sai yau. Ba ta ma jira a kira ta ba.

"Wannan na san ta. Mijina ya faɗa min ita bara. Fili yake so, wurin zama. Na kwashe kekena na kai baranda na ba shi ɗakin ɗinkina, na yi masa fenti. Ku koya, 'yan mata, namiji in ya ce isbes, ɗaki yake nema."

Ba wanda ya yi dariya. Wannan ne ya fara gaya mata. Basant, wadda ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ta sunkuyar da kai tana wasa da biro. Wani saurayi a baya ya dubi taga. Malama Rasha tana tsaye da alli a hannu, fuskarta kamar ta wadda ta taka ƙafar babba.

"Wani lokaci," in ji Malama a hankali, "yana iya zama hakan, Anti."

"Kada ki yi min wani lokaci. Me aka rubuta a littafinki?"

"Ana faɗin ta ne in mutum yana so ya ja da baya. Daga wadda yake tare da ita." Ta ajiye allin. "Yawanci in yana so a rabu, amma bai shirya faɗa ba."

Awatif ta sauke hannunta, don har lokacin yana sama. Ta zauna har aka tashi, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Da 'yan aji suka fita, suna ratsa ta gefenta kamar masu wuce gidan makoki, ta je ta tsaya a gaban teburin Malama.

"Karanto min sauran."

"Anti, ki je gida ki huta."

"Sauran, na ce. Duk waɗanda ake sallamar mutum da su ba tare da an ce masa tafi ba."

Rasha ta karanto. Mu ɗan huta. Ba laifinki ba ne, nawa ne. Abin yana da sarƙaƙiya. Kin cancanci wanda ya fi ni. Awatif ta sa aka maimaita mata kowacce da Turanci har kunnenta ya riƙe. Ta ƙarshen nan ta san sautinta. Midhat ya faɗa mata ita ranar Sallah, tana zuba masa mulukiya, wato miyar lalo, da zomo, ta tambaye shi ma'ana ya ce yabo ne. Har ƙarin nama ta sa masa.

Ba ta hau tiram ba, da ƙafa ta koma, tana tafiya tana magana ita kaɗai har mutane na kaucewa. Ba barin ne ya fi ƙona mata rai ba. Maza suna barin mata tun kafin a shimfiɗa layin tiram, ta ɗinka wa mata da yawa rigar aure ta biyu. Abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya shi ne ita ta riƙe ƙafar keken. Ita ta hau kujera da buroshi. Shi kuwa ya tsaya ya ga fenti a hannunta, ya san sarai ba ta gane ba, ya ce Allah ya yi albarka. Kuma ta san dalili. Kalmar Larabci tana da nauyi, tana da shaidu, tana da yayyenta maza biyu da za su hau benen nan ba sallama, tana da tambayar wa zai yi wa Hajiya allura. Ta Turanci ba ta da kowa. Ya jefa mata ita ta waya ya gudu, ya sami abin da yake so: ya bar ta, kuma tana nan tana dafa masa zomo.

Ba ta kira shi ba. Ta jira ya zo da ƙafarsa. Ranar da ya ce yana hanya, ta sake kiran Jabir da ƙanensa.

Ana ruwa ya iso, da azahar, kafaɗunsa a jiƙe. Ya gaishe ta sama-sama, ya nufi shuɗin ɗaki, ya buɗe. Keken ɗinki yana tsakiyar ɗakin, madubi ya koma bango, yadi a kan tebur.

"Ina kayana?"

"Suna isbes."

Ta nuna masa baranda. Gadon yana can a tsaye, da fitilar, da rigunansa, an lulluɓe su da ledar nan, an ɗaure da igiyar shanya, ruwa yana sauka a kai.

"Kin haukace ne, Awatif?"

"Fili ka nema. Ga shi nan har teku, ba bango. Na zauna a cikinsa tun bara, na san yana da faɗi." Ta ja kujera ta zauna, ta harɗe hannu. "Zauna, Midhat."

Rabonta da kiran sunansa haka tun kafin a haifi Nuha. Ya zauna.

"Abin da ka faɗa min a waya. Faɗa min shi da Larabci."

Ya shafa fuska, ya dubi silin, ya buɗe baki, Turanci ya fito. Ba ta bari ya kai ƙarshe ba.

"Ba laifina ba ne, naka ne. Mun yi wannan a aji. Ta gaba."

"Wane aji?"

"Ajin da na shiga don in riƙa jin abin da mijina yake faɗa. To, na ji. Ta gaba."

Ya sake gwadawa, da ƙaramar murya.

"Abin yana da sarƙaƙiya. Ita ma mun yi ta. Saura mu ɗan huta, saura na cancanci wanda ya fi ka, wadda ka ce min yabo ce ka ci zomona a kai. Sun ƙare, Midhat, na san iyakar jakarka. Uwarka da Larabci ta yi maka goyo, da Larabci ka zo gidanmu da takalminka ƙafa ɗaya ka roƙi ubana. Da shi za ka fita."

"Ban so in ɓata miki rai ba ne."

"Wannan Larabci ne, amma ƙarya ce. Ranka ka tsare. Sake."

Ruwa yana dukan leda a baranda. Tiram ya wuce a ƙasa, tagogi suka yi rawa. Midhat ya dubi hannuwansa, ya juya agogonsa, kuma a karon farko cikin shekaru ta ga siririn yaron nan mai kunya a cikin fuskarsa.

"Na daina son ki, Awatif," ya ce. "Na daɗe."

Ta shirya wa kowace magana amsa, tun daga ajin take wasa su kamar almakashi. Wannan ba ta shirya mata ba. Ita ta nema, ita ta matsa, kuma da ta zo sai ta shige ta kai tsaye, ba waya, ba malama, ba inda za ta ɓuya ta ce wataƙila ɗaki yake nufi. Ta ji zafinta.

"To," ta ce. "Wannan na gane."

Ya ɗaga kai kamar zai ƙara wani abu.

"Sauka ka gaya wa Hajiya. Da bakinka, kuma da wannan harshen."

Ya sauka. Tana jin takunsa a bene, tana jin ya tsaya a ƙofar hawa na biyu ya daɗe kafin ya ƙwanƙwasa. Ta tashi ta shiga ɗakinta, ta zauna a kan keken, ta sa guntun farin satin, ta taka feda. Ya ƙi, ta ƙara ƙarfi, ya yi ƙara ya juya. Layin ɗinkin ya fito ja, kalar tsatsa. Ta yanke ta sake, ya sake fitowa ja. Ta ci gaba da takawa ko da yake ta daina ganin allurar.

An yi sakin da rani, a gaban shaidu, yayyenta biyu a zaune. Har yau ita ke saukar wa Hajiya Sakina abinci, ta ce tsohuwar ba ta taɓa yi mata Turanci ba. Bangon yana nan shuɗi, ba ta ga dalilin ɓata fenti mai kyau ba. Tsatsar ce ba ta fita duka ba. Duk man da ta ɗiga, kafin ta sa farin yadi sai ta fara bi da tsumma tukuna, ta duba, sa'annan ta yarda da keken.

Amare sun dawo. 'Yan yanzu da waya a hannu suke tsayawa gwaji, angwayensu na aiko musu da saƙo rabi Larabci rabi Turanci, suna karantawa suna murmushi. Kwanakin baya wata ta daina murmushin, ta ɗaure fuska tana kallon wayar, ta ce da uwarta ba ta gane abin da yake nufi ba, bari ta duba kalmar. Awatif tana durƙushe a gindin rigar. Ta cire allurar daga bakinta.

"Kada ki duba," ta ce. "Kira shi yanzu, kafin in yanka yadin nan. Ki ce ya faɗa miki da Larabci."